Idan Ƙudaje Sun Mamaye Gida, a Nemi Inda Suka Ƙyanƙyashe

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci babba da ƙarami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da muka zaɓa mu rubuta a littafin makarantarmu na bana shi ne ƙuda. Wani zai ce, duk mas'alolin da kuka karanta a shekara ba ku ga na ɗauka ba sai wannan? To ai ƙuda ba baƙon kowa ba ne a nan Damagaram, kuma akwai lokacin da al'amarinsa ke wuce wasa. A kwanta lafiya lau, a wayi gari tsakar gida ta yi baƙi, igiyar shanya ta cika, ba halin a ajiye ƙwaryar fura ko na minti ɗaya. Uwar gida na kora da faifai, yara na bugu da takalmi, maigida ya aika kanti a sayo maganin feshi. A kashe na kashewa, gobe wasu su maye gurbinsu. Bayan ƴan kwanaki kuma sai ka ji an ce autan gidan yana zawo.

Maganar da muke son ƴan'uwanmu ɗalibai da iyayenmu su riƙe guda ɗaya ce. Ƙudajen da suka cika gida farat ɗaya, galibi a kusa aka haife su, ko a cikin gidan ko a bayan katanga, kwana bakwai zuwa goma kafin ranar da aka gan su. Wanda bai gano wannan wurin ba zai yi ta feshi ne, kuɗinsa na ƙarewa ƙudaje na ƙaruwa.

Yadda ƙuda ke hayayyafa

Rayuwar ƙudan gida hawa huɗu ce. Macen tana neman abu mai danshi da ya fara ruɓa, kamar kashin dabbobi ko bayan gidan mutum ko sauran abinci, ta zuba ƙwai a ciki. Zubi ɗaya yakan kai ƙwai 75 zuwa 150, farare ƙanana, tsawon kowane bai wuce milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. A tsawon rayuwarta tana iya zuba kimanin 500. Idan akwai zafi, kafin kwana ɗaya ya cika ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Wannan farar tsutsar da muke gani a juji ko a jikin mushe ɗiyar ƙuda ce, ba ruɓa ce ta rikiɗe ta zama tsutsa ba kamar yadda wasu ke zato.

Tsutsar takan yi kwana uku zuwa bakwai tana ci. Idan ta ƙoshi sai ta bar wurin danshin, ta rarrafa zuwa busasshiyar ƙasa da ke gefe, ko ƙarƙashin bulo, ko gindin bango. A can fatarta ke taurara ta zama ɗan kwanso ja-ja mai duhu, kusan girman ƙwayar shinkafa. Cikin wannan kwanson take zama wasu kwanaki, sannan ta fasa shi ta fito cikakken ƙuda mai fiffike. Daga ƙwai zuwa ƙuda, a irin zafin ƙasarmu, kwana bakwai zuwa goma ne. Lokacin hunturu abin na jan lokaci, shi ya sa suke raguwa da sanyi. Babban ƙuda kuma yakan rayu mako biyu zuwa huɗu.

Kun ga dalilin da ya sa suke bayyana gaba ɗaya. Ƙwayayen da aka zuba rana ɗaya, tare suke girma kuma tare suke fitowa. Mace goma kacal in suka samu tumbin rago da aka yar a bayan ɗaki, lissafi na iya kaiwa dubu ko fiye. Mu dai ranar fitowarsu kawai muke gani, alhali aikin ya fi mako ana yinsa a ɓoye.

A yi lissafin baya

Saboda haka tambayar farko ita ce, me ya faru a gidan nan ko a layin nan kwana bakwai zuwa goma da suka wuce? An yi suna ko biki aka yanka dabba? An sa wa ɓera guba? An yi ruwan farko ya jiƙa takin da aka tara a turke? An sayo mangwaro da yawa aka zuba ɓawo da ƙwallo a lungu? Sau da yawa amsar na cikin waɗannan.

A garinmu akwai lokuta uku da abin ya fi tsanani. Na farko lokacin mangwaro, ƙarshen bazara. Na biyu faɗuwar damana, sa'ad da zafi ya haɗu da danshi, juji da turke suka jiƙe. Na uku makon da ke bin Sallar layya. Ranar Salla hankalin kowa na kan ragunan da aka jera ana gasawa a gefen wuta, ba a cika lura da inda aka zubar da jini da abin cikin tumbi da hanji ba. A shekarun da Sallar ta faɗo daidai shigowar damana kuwa, abu biyu suka haɗu ke nan.

Kamannin ƙudan ma na ba da labari. In masu launin toka ne, irin na kullum, a duba turke da akurkin kaji da kwandon shara da magudanar ruwan wanke-wanke. In manya ne masu ƙyalli, kore ko shuɗi, masu ƙara in suna tashi, to akwai nama ko mushe a kusa: ɓera ya mutu a rufin ɗaki ko bayan buhunan hatsi, kaza ta mutu a lungu, ko fatar layya da ba ta sha gishiri da rana sosai ba. Irin waɗannan koraye suna fitowa daga salga ma in ba ta da murfi. In kuwa ƙanana ne da ke nacewa a ido da hanci da bakin yara, ka kore su su dawo nan take, to akwai inda ake bayan gida a fili kusa da gidan, don a nan wannan irin ya fi son zuba ƙwai.

A zagaya gidan da sanda a hannu. A tona gefen taki, a ɗaga turmi da tsofaffin tukwane, a leƙa ƙarƙashin randa inda ruwa ke ɗiga. Hanci ma ɗan jagora ne. Alamar da ba ta ƙarya ita ce tsutsa, ko waɗancan jajayen kwansuna a cikin ƙasa. In an iske kwansunan a fashe, babu kome ciki, to daga nan rundunar ta fito.

Abin da ke cikin haɗari

Ƙuda ba shi da haƙori, ba ya iya tauna. In ya sauka a kan tuwo ko sukari sai ya amayo ruwan cikinsa a kai, abin ya narke, ya tsotse. Yana cikin ci yana kashi. Waɗannan ɗige-ɗigen baƙaƙe da muke gani a igiyar shanya da ƙwan lantarki, aikinsa ne. Da ƙafafunsa yake ɗanɗano, shi ya sa yake yawo a kan duk abin da ya samu, ƙafafun kuma gashi ne da su wanda datti ke maƙalewa. Ƙudan da ya tashi daga salga yanzu, shi ne zai sauka a bakin moɗa ko a kan ludayin da ake ba jariri kunu.

Ta haka yake ɗaukar ƙwayoyin cutar zawo da atini da taifot da kwalara daga najasa zuwa abinci. Babba yakan jure ƴan kwanaki, amma yaro ɗan ƙasa da shekara biyar zawo na iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zawo na cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara a duniya, kuma kowannenmu ya san gidan da aka yi irin wannan rashi.

Sai kuma ido. Ciwon amodari, wanda wasu ke kira amosanin ido, ƙaramin ƙudan nan mai bin fuska na cikin masu yaɗa shi: ya sha kwantsa a idon mai ciwo, ya koma idon mai lafiya. In ciwon ya yi ta maimaituwa tun yarinta, fatar ido na tabo ta ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar, a ƙarshe mutum ya makance. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Diffa sun daɗe suna fama da shi, shi ya sa ake zagayawa rabon magani, ana kuma nanata wanke fuskar yara da gina salga. A ƙasar Gambiya an gwada rage ƙudaje a wasu ƙauyuka aka bar wasu, sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna amodari ya ragu sosai a inda aka rage su, zawon yara ma ya ragu.

Aikin da za a yi

Ranar farko ta kawar da mahaifa ce. In mushe ne ko kayan ciki, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, nesa da rijiya, a zuba, a rufe, a daddanne ƙasar da ƙafa. Dannewar na da muhimmanci, don sabon ƙuda na iya ratsa ƙasa mai laushi ya fito. Inda aka ga tsutsa a zuba tafasasshen ruwa. Kada a manta da ƙasar da ke kewaye, nan kwansunan suke: a share ta, a haɗa a binne ko a ƙone. Masu kaji su sake su a wurin bayan an tona, in dai ba a sa guba ba, za su tsince tsutsa tas.

In taki ne, hanya biyu ce. Ko a baza shi siriri a rana ya bushe, tunda tsutsa ba ta rayuwa a busasshen wuri. Ko a tara shi wuri ɗaya a lulluɓe da leda mai kauri, a danne bakinta da duwatsu ko ƙasa, zafin da ke tasowa a ciki ya kashe su, takin kuma bai lalace ba, yana nan don gona. Daga nan a riƙa share turke kullum, ko aƙalla kada a bari ya wuce kwana biyu zuwa uku. Wanda ke kwashe kashin dabbobinsa kafin mako ya cika ya yanke zagayen, don tsutsar ba ta samu kwanakin da take buƙata ba. Haka hukuncin kwandon shara yake: a sa masa murfi, a zubar akai-akai, a wanke gindinsa, saboda ruwan da ke kwanciya a ƙasan kwandon ya ishe su haihuwa.

Salga a yi mata murfi daidai bakinta, ko da katako ne aka buga wa mariƙi, a riƙa mayar da shi kowane lokaci. A ajiye toka a gwangwani ana barbaɗawa bayan an gama. Mai halin sa bututun iska, ya ɗaura ƴar raga a samansa, ƙudan da ya bi haske ya hau ba zai samu fita ba. Kashin yara kuma kada a raina shi a ce ai na yaro ne. A kwashe shi nan take a zuba a salga, a wanke fo, a wanke hannu da sabulu.

Cikin ɗaki da madafa, kome a rufe. Faifai a kan ƙwarya, murfi a kan tukunya da randa, moɗa a kife ko a rataye. Kwanukan dare a wanke su da dare, kar su kwana. Ɗumame a tafasa shi sosai kafin a ci. Mu ɗalibai da ƙannenmu almajirai wannan ya shafe mu kai tsaye, domin robar abinci da aka cinye aka jefa a lungun zaure ba wanki, gobe a sake karɓar abinci a cikinta, hanya ce buɗaɗɗiya. A sa labule ko asabari a ƙofa, a sa raga a taga in da hali. Jariri in zai yi barcin rana a sa shi cikin gidan sauro. A wanke fuskar yara da ruwa da sabulu safe da yamma, fuskar da ba kwantsa ba majina ba ta jan ƙuda.

Su kuma manyan da suka riga suka fito, akwai tarko mai sauƙi. A samu gorar roba ta ruwa, a yanke ta daga kafaɗa, a juya saman ya shiga cikin gindin kamar mazurari, bakin na kallon ƙasa. A zuba ɗan ruwa da sukari da guntun kifi ko nama. Wari zai jawo su, su shiga ta bakin, su kasa gane hanyar fita. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, to ga shi nan a zahiri. Amma a rataye tarkon can ƙarshen gida, nesa da madafa da ƙofar ɗaki, in ba haka ba kai ka gayyato su. Duk bayan ƴan kwanaki a binne abin da ke ciki a sake sabo. Akwai kuma takarda mai danƙo da ake ratayewa. Wata dabarar ita ce, ƙuda ba ya yawo da dare, yakan kwana a kan igiya da waya da rufi. Da asuba bayan salla, kafin rana ta ɗumama su, jikinsu a mace yake, lokacin ne suka fi sauƙin bugu.

Kada a karaya in an yi duk wannan aka ga washegari suna nan. Kwansunan da suka ɓuya za su ci gaba da fashewa na wasu kwanaki, manyan ma sai sun ƙare kwanansu. In an dace da mahaifar, cikin mako guda za a ga bambanci. In mako biyu suka wuce abin bai ragu ba, to akwai wata da ba a gano ba, a sake zagaye.

Idan kuma yaro ya fara zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti da ake samu a likita da kantin magani. In babu, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi kaɗan-kaɗan, kuma kar a daina ba shi nono. In an ga jini a bayan gidan, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, a kai shi likita ba tare da jira ba.

Maganar feshi da fiya-fiya

Maganin feshi na gwangwani yana kashe wanda ya taɓa ne a lokacin. Bai kai ga ƙwai da tsutsa da kwanso ba, kuma su ne suka fi yawa. Ƙuda kuma halitta ce mai saurin sabawa da guba, in aka yi ta fesa iri ɗaya sai a wayi gari ba ya jin sa. In za a yi amfani da shi, a fitar da abinci da ruwan sha da yara, a rufe ɗakin, sannan a buɗe ya sha iska kafin a shiga.

Wanda muke roƙon iyayenmu su nisanta shi ne fiya-fiya da ake sayarwa a ƴan kwalabe ba takarda ba bayani. Asalinsa maganin ƙwarin gona ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Yayyafa shi a ɗakin da za a kwana, ko kusa da nama da busasshen kifi, ko ajiye shi a gorar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne, duk ganganci ne da rai. Ba a maganin ƙuda da abin da ya fi ƙuda haɗari.

Wata mas'ala da ake yawan kawowa

In ana wannan magana wani kan ce, ai hadisi ya zo a Sahihul Bukhari game da ƙudan da ya faɗa cikin abin sha, me ya sa za a tsananta? Abin da muka karanta a fiƙihu shi ne, malamai sun ciro daga wannan hadisin cewa ƙwaron da ba shi da jini mai gudana, in ya mutu a ruwa ko abinci, ba ya najasta shi. Wannan sauƙi ne ga al'umma, don ba wanda zai iya tsare ƙwaryarsa daga ƙuda ɗaya har abada. Amma hukuncin tsarki daban, wajibcin kiyaye lafiya daban. Ruwa na iya halatta a yi alwala da shi, kuma bai dace a ba jariri ya sha ba. Ba mu ji malamin da ya fahimci hadisin a kan izinin barin abinci a buɗe ƙudaje na tururuwa a kai ba. Annabin da ya faɗi wancan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka, kuma shi ne ya yi kashedi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane da inuwar da suke hutawa. Duka biyun suna cikin ingantattun hadisai. Wanda ya yi aiki da su ya toshe wa ƙuda wurin haihuwa da wurin ci.

A Suratul Hajji, aya ta 73, Allah ya buga misali da ƙuda don ya nuna gazawar abubuwan da ake bauta wa koma bayansa. Mu ma akwai abin lura a nan gare mu. Halittar da muke rainawa tana iya kwantar da gida guda, kuma ba ƙarfi ke maganinta ba sai bin sababi.

Haƙƙin maƙwabci

Ƙuda bai san katanga ba. Yana iya tafiyar kilomita ɗaya ko biyu, ko da yake yawanci ba ya nisa da inda ya samu abinci. Gida ɗaya mai jiƙaƙƙen turke ya isa ya addabi layi guda. Saboda haka wanda ya gyara gidansa ya ga abin bai ƙare ba, sai ya duba waje: jujin bakin layi, kwatar da ta toshe, kangon da yara suka mayar wurin bayan gida, wurin da mahauta ke zubar da ƙazantar yanka.

In a gidan maƙwabci matsalar take, a je da ladabi. Ba a cewa mutum gidanka ne ke da ƙazanta. A ce, Baba, ƙudaje sun dame mu duka, mun zo da shebur da baro mu taya ku kwashe takin nan. Da wuya dattijo ya ƙi irin wannan. Abin da ya fi ƙarfin gida biyu a kai wa mai unguwa, a roƙi liman ya yi tuni bayan salla, a sa ranar gayya. Mu ɗalibai mun fi kowa dacewa da wannan aikin, ga yawa ga ƙuruciya, ga Alhamis da Juma'a da ba karatu.

Muna ba da shawara tun yanzu, kafin Sallar layya mai zuwa, kowane gida ya haƙa raminsa kwana ɗaya kafin yanka, jini da abin cikin tumbi su tafi can kai tsaye a rufe a ranar, fata kuma a sa mata gishiri a shanya. Kafin ruwan farko kuma a fitar da takin turke zuwa gona. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana ƙannenmu, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Allah shi ne mafi sani.